Layukan 'Ya'yan Tsamiya a Gindin Rumbu

Ruwan shuka ya sauka a Birnin Gwari tun makon jiya, ni kuwa ina nan a barandar gidan ƙanena Sale, na rasa inda zan sa kaina. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe ban san inda zan nufa ba. Na share tsakar gidan nan har matarsa Rabi ta ce, "Yaya, ƙasar ma kwashe ta za ki yi?" Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ya hana ni sakat. Tun da na yi wayo ban taɓa shaƙar ƙamshin nan ba tare da ƙwaryar iri a hannuna ba, sai bana.

Da rani muka baro ƙauyenmu da ke can bayan Gayam. Ba zan tsaya ba da labarin yadda muka fito ba, duk wanda ke ƙasar nan ya san irinsa, in bai faru da shi ba ya faru da ɗan'uwansa. Abin da na iya fitowa da shi, jikokina uku, da fartanyata, da irin masarar da na rataye a saman murhu tun kaka hayaƙi ya bi ta kansa. Na ɓare shi na ƙulle a tsohon zane, yana ƙarƙashin gadon da Rabi ta ba ni. Uban yaran ya wuce Kaduna neman aikin ƙarfi, uwarsu ta bi shi da na goye.

Ranar da aka yi ruwan farko na tari Sale yana shirin fita wurin aikinsa na kafinta.

"Ka nemo mini mai babur ya kai ni gida. Kwana biyu kawai, in jefa irin nan a ƙasa in dawo."

"Wane gida, Yaya? Gidan da ko kaza ba ta rage ba?"

"Gonar dai tana nan."

"Waɗanda suka ƙwace gonar ma suna nan, da bindigoginsu. Don Allah ki zauna. Me kika rasa a nan?"

Na ce ban rasa komai ba, amma bakuna sun yi masa yawa, ga aiki ya ja baya tun da hanya ta lalace. Ya yi dariya yana tayar da babur. "Haba Yaya! Mutum huɗu ne fa kawai aka ƙara."

Wannan magana na taɓa jin ta, kusan kalma da kalma, daga bakin ubanmu. Sale bai sani ba. Lokacin yana goye a bayan Inna.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, sai ga jikata Zulai, babbar cikinsu, ta dawo daga makarantar da Sale ya sa ta, baki a tunzure. Malamarsu ta ba su lissafin da ake rubutawa kamar labari, ta yi musu jan biro kaca-kaca. Zulai ba daƙiƙiya ba ce, garaje ne da ita irin na kakanta. Da ta ga lamba biyu a cikin labari sai ta haɗa su ta wuce.

"Karanto mini in ji, sarkin sauri," na ce.

Ta karanto. Wai manomi yana da buhu biyar, maƙwabcinsa ya ba shi uku. Ta ce takwas, an ba ta daidai. Na biyu, wai akuya tana cin damin harawa biyu kullum, nawa za ta ci a kwana shida. Ta ce takwas nan ma.

"To akuyar nan taki azumi take yi?"

"Kaka, ni fa ban gane ba! Yaushe ake tarawa, yaushe ake yin sau? Duk lamba biyu ce."

Aji uku kawai na yi a firamare kafin a cire ni, amma wannan tambayar ba a aji na koyi amsarta ba. Na ce ta je bayan gida ta tsinto mini tsakuwa cikin gwangwani. Kafin ta dawo, hankalina ya riga ya tafi wata damina da ta wuce shekaru masu yawa.

A ƙauyenmu a wancan zamani mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Ba wanda ya taɓa gaya mini dalili, haka muka tashi muka tarar. Maigida ne ke jingina tsani, ya ɗage hular rumbu, ya fitar da abin da za a ci ya miƙa wa matarsa. Ita kuma ba ta tambaya ko saura nawa, tambayar ma abin kunya ce, kamar ta ce ba ta yarda zai iya riƙe gida ba. Shi ma a nasa ɓangaren namiji ba ya tsayawa a bakin murhu yana tambayar mudu nawa aka tuƙa. Saboda haka Baba ya san abin da ke cikin rumbu, Inna ta san abin da tukunya ke ci, kuma babu mai gaya wa wani.

A bazarar shekarar wutar daji ta ci ƙauyen su Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ta haɗa da rumbunansu. Mijinta ya riga ya rasu. Ina iya tuna ranar da ta iso da 'ya'yanta huɗu, rana tsaka, zafi ya sa ko ƙadangare ya nemi inuwa. Leɓunansu sun bushe, ƙafafunsu fari fat, ƙaramin yana kuka babu hawaye. Inna ta dama musu garin ɗorawa suka sha. Baba ya tsaya a tsakar gida ya ce, da muryar nan tasa mai cika gida, "Nan gidanku ne. Mu takwas, ku biyar, sha uku ke nan. Mutum biyar ne kawai aka ƙara, ruwa kaɗan a tukunya ya isa."

Na ga Inna ta kalli rumbu ta kalli sama, inda ko alamar hadari babu.

Baba mutum ne mai kyauta, mai kuma son a ga kyautarsa. Ba rowa a jikinsa ko kaɗan, amma lissafinsa na ranar da abu ya faru ne. A wurinsa baƙi sun zo sau ɗaya, an ƙara su sau ɗaya, magana ta ƙare. Ga shi daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ba ta cika ido ba.

Ruwa ya sauka, muka yi shuka. Da 'ya'yan Gwaggo hannu ya yi yawa, gaskiya aikin ya yi sauri. Baba na gaba da sungumi yana sara, mu muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige, laka tana shiga tsakanin yatsu. Da yamma shinge ya tashi muka kama muka soya, muna dariya baki duk mai. A lokacin ban san akwai wata damuwa a gidan ba. Kullum da safe a sussuka dawa, a surfa, a niƙa a dutse, da dare tuwo ya sauka a akushi. Sai dai sautin turmi ya ƙara tsawo. Da can kafin rana ta ɗaga an gama daka, yanzu har hantsi Inna da Gwaggo suna lugude.

Da dawa ta yi ƙasa a rumbu har hannun Baba ya daina kai wa, sai ya fara zura ni ciki. Ni ce marar nauyi, kuma ba ni da tsoron duhu. In cika kwando da zangarniya in miƙa masa sama. Ranar farko ya riƙe kunnena a hankali ya ce, "Lami, abin da ido ya gani a nan, a nan yake kwana. Kin ji?" Na ce na ji.

Cikin rumbu akwai zafi da ƙaiƙayi da warin toka da ake barbaɗawa saboda ƙwari. Da farko in na tsaya a kan dawa, kafaɗuna a waje suke, ina hango garken Fulani a bakin fadama. Bayan noman farko sai kaina kawai. Wata rana na miƙe tsaye na ga ba na ganin komai sai da'irar sama, sai da Baba ya zuro hannu ya jawo ni.

Inna ba ta taɓa tambayata abin da na gani ba. Ta fi ƙarfin ta sa ni saɓa wa ubana. Amma ranar nan da na kawo mata kwando, ta kama hannuna ta juya shi. Bakin rumbu ya kurje mini gwiwar hannu da haƙarƙari.

"Da ƙafarki kika fito yau, ko jawo ki aka yi?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin zanena.

"Shi ke nan, je ki wanke jikinki," ta ce.

Daga ranar Inna ta daina zama. Ta shiga ɗaki ta fito, ta je bakin gona ta tsaya tana kallon masara, wadda a lokacin ba ta wuce gwiwa ba, ta dawo. Sale yana bayanta yana ƙananan kuka. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye. Ta yi mini faɗa a kan ludayin da yake hannunta. Sai yanzu da nake share tsakar gidan Rabi ba gaira ba dalili na gane abin da ke cin ta. Tana da rabin lissafi a kanta, ɗaya rabin yana kan mutumin da ba ta da ikon tambaya.

Washegarin ranar kasuwa, da sassafe, ta aike ni in ɗauko mata 'ya'yan tsamiyar da muke tarawa muna wasa da su. Ta share gindin rumbu, daidai inda Baba ke kafa tsani. Ta durƙusa ta fara jerawa, ɗaya bayan ɗaya, har tara, ta yi layi. A ƙarƙashinsa ta sake jera tara. Ta sake. Ina tsugune ina kallo.

"Inna, wane irin wasa ne wannan?"

"Ba wasa ba ne. Daga kasuwa zuwa kasuwa kwando nawa kike kawo mini?"

Na ƙirga da yatsu, na ce tara.

"To ga su nan. In kasuwa ta sake zagayowa fa, cikinku zai ce ya ci na makon jiya ya ƙoshi?"

"A'a."

"To ga wasu taran. Haka za su yi ta dawowa har masara ta nuna."

Layi takwas ta yi, don a ganinta kasuwa takwas ce tsakaninmu da sabuwar masara. Ta miƙe ta karkaɗe gwiwa, ta koma bakin murhu ta juya wa rumbun baya.

Baba ya fito da tsani a kafaɗa. Saura kaɗan ya taka su. Ya buɗe baki zai yi faɗan yara sun ɓata masa wuri, sai ya ga yadda aka jera su, ya ga ni tsugune, ya ga bayan Inna. Ya ajiye tsanin a hankali.

"Mene ne wannan, Lami?"

"Kowane ɗa kwando ne, Baba. Kowane layi kasuwa."

Ya sunkuya ya ƙirga layin farko da yatsa, ɗaya ɗaya. Ya ƙirga na biyu. A na uku ya daina taɓa su, sai leɓensa kawai ke motsi yana sauka ƙasa, tara, tara, tara. Ban taɓa ganin fuskar ubana ta yi haka ba. Tausayinsa ya kama ni har na ji kamar in watsa 'ya'yan tsamiyar da ƙafa. Ya hau tsani, ya ɗage hular rumbu, ya daɗe kansa a ciki. Da ya sauko bai kalli kowa ba. Ya tsinci kara, ya ja layi a ƙasa, ya ratsa tsakanin layi na biyar da na shida. Ya yar da karan, ya saɓa garmarsa ya fita gona ko kunu bai sha ba.

Bai gaya mata abin da ke cikin rumbu ba, ita ma ba ta tambaya ba. Amma da Inna ta zo ta tsaya a kan zanen nan, ta san cewa dawarmu za ta ƙare saura kasuwa uku masara ta nuna.

Ta sake durƙusawa. Ta kwashe layuka ukun ƙarshe ta zuba a gwangwani. Sannan ta riƙa cirowa daga biyar ɗin sama tana mayarwa ƙasa, har layi takwas ya sake cika, amma kowane layi da giɓi a cikinsa, wani biyar, wani shida. Tana cikin yi inuwa ta faɗo a kanmu. Gwaggo Asabe ce, ta dawo daga rafi da tulu. Ban san tun yaushe take tsaye ba.

Inna ta yi sauri ta ce, "Wasa nake koya wa yarinyar nan."

"Yaya, ni ma na taɓa riƙe gida," in ji Gwaggo. Ta sauke tulun. "Gobe zan kwashi yaran nan mu yi gaba. Akwai dangin ubansu ta wajen Dogon Dawa."

"Ki kai su ina a tsakiyar damina? Su ma can rumbunsu ba ya haihuwa. Wallahi in kika fita daga gidan nan, ni da yayanki ba mu ƙara haɗa ido."

Gwaggo ta ƙura wa layukan ido. Can ta kwance bakin zanenta, ta fito da ƙwallayen kaɗanyar da ta tsinto a hanyar rafi, ta tsuguna ta riƙa sa su ɗaya ɗaya a cikin giɓin.

"To waɗannan guraben nawa ne," ta ce. "Ku bar ni da su."

Inna ta tura layukan can ƙarƙashin rumbu inda ruwa ba ya taɓawa, ta kare su da fasasshen tulu saboda kaji.

Tun daga ranar tuwon dawa ya koma sau ɗaya, shi ma rabinsa ganye. Da gari ya waye Gwaggo za ta ɗauki ƙwarya da lauje ta shiga daji, ni da babbar 'yarta muna biye. Dajin nan da yau ko sunansa aka ambata sai mutane su rage murya, a lokacin shi ne rumbunmu na biyu. Raɓa ta jiƙa mu har ƙugu. Mu tsinci kaɗanya mu cinye naman mu tara ƙwallon, mu yanki tafasa da rama da yaɗiya, mu tono naman kaza a gindin ruɓaɓɓen itace. Birai suna yi mana tsiya daga sama. Abin tsoronmu bai wuce maciji da ɓatan hanya ba.

Wata maƙwabciyarmu Bagwariya, Saratu, ita ta nuna wa Gwaggo inda rogon daji yake. Tana tafe da kayanta a kafaɗa irin nasu, tana faɗa mana da Hausarta mai daɗi, "In ba ku jiƙa shi a rafi ya kwana ya sake kwana ba, kun ci kun yi barci, ba tashi." Muka yanka shi fale-fale, muka ɗaure a kwando cikin ruwa mai gudu, muka shanya, muka daka. Ba daɗi, yana kuma maƙale a wuya. Muka ci.

Da marka ta kama, ruwa ya yini ya kwana yana zuba. Itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗaki, tufafi suka yi wari. Yunwar damina daban take da ta kowane lokaci, don duk inda ka duba kore ne shar, gona cike, amma ba abin da ya isa ci. Ciki ya yi ta ƙugi kana tsakiyar masarar da ta fi ka tsawo. Nonon Inna ya ragu, Sale ya kama ya saki ya tsala ihu, ta riƙa ɗura masa ruwan kunu da cokali. Zanenta da ke zagaye ta sau ɗaya da rabi ya koma sau biyu. Tsakanin yatsun ƙafar Gwaggo ya zama gyambo saboda ruwa, ta shafa man kaɗe ta ɗaure da tsumma ta sake fita. In an zuba abinci sai ta ce ta cika cikinta da kaɗanya a daji, ta tura wa yara nata. Ni da nake bin ta na san ko rabin abin da na ci ba ta ci ba.

Lokacin huɗa ya yi, Baba ya ƙi kiran gayya, don mai gayya shi ke ciyar da mutane, shi kuwa ya riga ya ga layukan. Shi kaɗai yake fama, yana tafe yana haki. Wata safiya sai ga mijin Saratu da samari da yawa, Musulmi da Kirista, kowa da garmarsa, kowa kuma da goran kununsa a rataye. Ba wanda ya ce komai a kan goran. Suka yi huɗar suka watse kafin azahar. Baba ya tsaya a bakin gona yana ta godiya.

Duk ranar kasuwa Inna takan leƙa ƙarƙashin rumbu ta kwashe layi ɗaya. Mu yara mun mayar da abin kallo, mu tsuguna mu ga saura nawa. Shi ma Baba na sha kama shi yana leƙawa in ya zaci ba mai ganinsa. Masara ta yi goyo, ta fitar da gemu, gemun ya fara baƙi. Saura layi ɗaya na shiga rumbu na share ƙasansa da tafin hannu, abin da na samo bai rufe gindin kwando ba. A makon nan Baba ya karyo masarar da ba ta gama ƙosawa ba, in ka danna da farce ruwa fari ya fito. Aka gasa a bakin murhu. Mu sha uku muka zauna, ba wanda ya ragu, ba ka jin komai sai tauna. Gwaggo ce ta fara kuka, da masara a bakinta.

"Kaka! Ga tsakuwar. Tun ɗazu nake magana."

Na karɓi gwangwanin daga hannun Zulai, na share gefen baranda. Na ce ta ajiye biyar, ta ƙara uku a gefensu.

"Buhunan maƙwabcin nan, da ya kawo su, gobe zai sake kawowa?"

"A'a, sau ɗaya ne."

"Sun zo sun zauna ke nan. Wannan tarawa ce. To akuyarki fa, da ta ci dami biyu yau, gobe fa?"

"Za ta sake cin biyu."

"Jera mata na yau. Jera na gobe a ƙarƙashinsa."

Ta jera har layi shida. Ta tsaya tana kallo, sai ta buga cinya. "Sha biyu! Kaka, ashe abin dawowa yake yi!"

"Shi za ki riƙa tambayar kanki kafin ki taɓa biro. Abin nan ya zo ya zauna ne, ko kuwa yana dawowa, kuma yadda ya zo jiya haka zai zo yau? In yana dawowa, jera shi layi-layi."

Ta ƙarasa sauran aikin tana waƙa. Ni kuwa idona yana kan ƙofar kicin, inda Rabi ke auna garin tuwon dare. Da muka zo gidan nan, mudunta da tozo take cika shi. Yanzu na ga ta sa tafin hannu ta shafe bakinsa, ta ɗan tsaya, ta sake rage kaɗan ta mayar cikin buhu. Ta ɗago muka haɗa ido, nata ya cika da ƙwalla, ta yi mini murmushi ta ce hayaƙi ne ya dame ta. A gas take girki.

Ban buƙaci tsakuwa ba. Mu huɗu, safe da dare, daga nan har sabon hatsi ya shigo kasuwa ya karya tsada. Na jera a kaina na ga inda karan Baba zai ratsa. Na kuma san yau ni ce Gwaggo Asabe, sai dai ni ba ni da dajin da zan shiga in cike gurbina. Kaɗanyar tana can tana zuba a ƙasa, ba mai tsinta. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, na rasa wanda zan yi fushi da shi.

Kwana na yi ina juyi. Da safe, bayan Sale ya fita, na jawo ƙullin nan daga ƙarƙashin gado, na ɗauki fartanya. A bayan gidan akwai ɗan fili tsakanin katanga da kwata, inda yake jibge guntayen katako. Ni da yaran muka kwashe su, na yi kaftu. Ƙasar duk fasassun kwalabe da leda, amma ƙasa ce, kuma da fartanya ta shige ta sai na ji numfashina ya daidaita. Kunya huɗu wurin ya ɗauka, gajeru.

"Zo nan, sarkin sauri. Kunya huɗu, kowace rami goma, kowane rami ƙwaya biyu. Nawa zan ɗiba?"

Ba ta nemi tsakuwa ba. Ta dubi kunyoyin, leɓenta yana motsi irin na Baba. "Wannan sau ne, Kaka. Har sau biyu ma. Tamanin."

Ta ƙirgo su a tafin hannuna. Ko cika shi ba su yi ba. Muka dubi zanen da ke shimfiɗe a ƙasa, cike da irin da ya ishi gonar da nake fara shuka da hantsi in kai la'asar ban ga ƙarshenta ba, jawur, yana warin hayaƙin ɗakina. Kamar ba a taɓa shi ba.

"Sauran fa, Kaka? Sai mun koma gida?"

Rabi tana tsaye a bakin lungu da bokiti a hannu, ta ji tambayar. Na tattara bakin zanen na ƙulle, na ɗora wa Zulai a ka.

"Kai wa Rabi, a kai inji."

"Yaya, iri ne fa!" in ji Rabi. "Wallahi ba zan karɓa ba."

"Ni ma na taɓa riƙe gida, Rabi. Gurbina ne, bar ni da shi."

Na juya musu baya don kada in ga fitarsa. Na sunkuya a kan kunyar farko, na jefa ƙwaya biyu, na rufe da diddige.